MASU BINCIKEN SIYASA DA KAFAFEN YAƊA LABARAI: DAGA INA SANA'AR TA FARO, KUMA INA GURBINMU A CIKI?

Zuwa ga 'yan uwa 'yan Arewa da ke karatu a Legas, Ibadan, Ife, Nsukka, Benin, Fatakwal da Kalaba. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, musamman 'yan Mas Kom da 'yan kimiyyar siyasa da 'yan tarihi da suka shiga ajin ƙarshe, ake ta neman taken furojet.

Yawancinmu idan aka ce Mas Kom, abin da ke zuwa mana shi ne karanta labarai a talabijin, ko aikin jarida, ko zama kakakin wani gwamna. Akwai wata hanyar kuma da ba a cika kawo ta a hirarmu ta hostel ba, wato mutum ya mayar da binciken yadda 'yan siyasa ke magana da jama'a ya zama aikinsa na rayuwa. Wannan sana'a ce mai tarihi, akwai waɗanda suka kafa ta, akwai dalilin da ya sa aka fara biyan mutane kuɗi su yi ta. Wanda ya san tarihin zai fi saurin gane inda ƙofa take a buɗe.

INDA ABIN YA FARO

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya tayar da hankalin masana. Sun ga yadda gwamnatoci suka yi amfani da jaridu da fastoci suka juya tunanin miliyoyin mutane. A 1922 wani ɗan jarida a Amurka, Walter Lippmann, ya fitar da littafinsa Public Opinion, inda ya nuna cewa mutum bai ga yawancin abin da yake yanke hukunci a kai da idonsa ba, hoton da aka zana masa a kai yake bi. A 1927 Harold Lasswell ya buga bincikensa na digiri na uku a kan farfagandar wannan yaƙi. A lokacin mutane da yawa sun ɗauka kafar labarai tamkar allura ce, ana tsira wa mutum saƙo ya shige shi ko yana so ko ba ya so.

Wanda ya fita ya gwada wannan zato a fili shi ne Paul Lazarsfeld, mutumin Biyana ta ƙasar Ostiriya, wanda asalinsa lissafi ya karanta, ya koma Amurka a 1933. A zaɓen 1940 tsakanin Roosevelt da Willkie, shi da abokan aikinsa suka tare a gundumar Erie ta jihar Ohio, suka riƙa komawa wajen mutum 600 suna yi musu tambayoyi wata bayan wata, daga Mayu har Nuwamba. Sakamakon da suka buga a 1944 cikin The People's Choice ya ba kowa mamaki. Kusan kashi 8 cikin 100 ne kawai suka sauya ɓangare. Mafi yawa jarida da rediyo ƙara musu ƙarfi suka yi a kan abin da dama suke kai. Kuma da aka bi diddigi, sai aka ga mutane sun fi jin maganar wani da suka yarda da shi a gida ko a wurin aiki, shi ne yake sauraron rediyo ya zo ya warware musu.

Ku tsaya ku duba wannan da kyau. Abin da Bature ya kwashe watanni yana ƙirgawa kafin ya gano, duk wanda ya taɓa zama a majalisar unguwa ko teburin mai shayi ya san shi. Mutum ɗaya ne ya saurari BBC da asuba, amma kafin hantsi mutum goma sun ji labarin daga bakinsa, haɗe da sharhinsa. Bambancin kawai shi Lazarsfeld ya rubuta, ya ƙirga, ya ba abin suna, har yau ana koyar da shi a ajinmu.

Wilbur Schramm kuma shi ya gina wa fannin gida a jami'a. Ya fara shirin digiri na uku a Iowa a 1943, ya buɗe cibiyar bincike a Illinois a 1947. Daga nan ne aka samu mutumin da albashinsa gaba ɗaya a kan binciken sadarwa yake. Sai a zaɓen 1968 wasu matasan malamai biyu, Maxwell McCombs da Donald Shaw, suka yi hira da mutum 100 da ba su yanke shawarar wanda za su zaɓa ba a garin Chapel Hill, suka kwatanta abin da mutanen suka ce shi ne matsalar ƙasa da abin da jaridu da talabijin suka fi kawowa. Jerin biyu suka zo kusan daidai. Maƙalar ta fito a 1972, kuma daga mutum 100 ɗin nan aka samu ɗaya daga cikin nazariyoyin da aka fi ambato a fannin: ko da kafar labarai ba ta zaɓa maka ra'ayi ba, ita ke zaɓa maka abin da za ka yi gardama a kai. Mutum 100 fa, bai kai yawan 'yan ajin wasunmu ba.

YADDA YA SHIGO NAJERIYA

A nan gida siyasa da jarida tare suka taso. Iwe Irohin ta fito a Abeokuta a 1859. Azikiwe ya kafa West African Pilot a 1937, Awolowo ya kafa Nigerian Tribune a 1949. Ko talabijin ɗin farko, WNTV ta Ibadan a 1959, tushenta rigimar siyasa ce. A 1953 Gwamna Macpherson ya soki jam'iyyar AG a rediyon gwamnati, Awolowo ya nemi damar mayar da martani aka hana shi. Da tsarin mulkin 1954 ya ba jihohi ikon buɗe tashoshinsu, sai kowace ta kama hanyar yin nata.

Karatun fannin a jami'a kuwa a Nsukka ya fara a 1961, da Kwalejin Aikin Jarida ta Jackson, wadda aka sa wa sunan John Payne Jackson na jaridar Lagos Weekly Record. Jami'ar Legas ta biyo baya a 1966 da tallafin UNESCO. Alfred Opubor, wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Jihar Michigan, shi ne ɗan Najeriya na farko da ya zama farfesa a fannin, kuma a Legas ya jagoranci sashen. 'Yan uwa da ke Akoka da Nsukka, ku sani a kan tushen abin kuke zaune.

A 1978 masanin tarihi Fred Omu ya fitar da Press and Politics in Nigeria, 1880-1937, littafin da kusan duk furojet ɗin tarihin jarida ke dogara da shi. Shi Omu ɗin ya zauna a kwamitin MacBride na UNESCO, wanda rahotonsa na 1980 ya yi ƙorafin cewa labaran duniya daga ƙasashe masu arziki suke kwarara zuwa matalauta, ba sa komawa. Amma ku lura da shekarar da littafin nasa ya tsaya: 1937. Gaskiya Ta Fi Kwabo ba ta fito ba sai Janairun 1939. Ba laifinsa ba ne, iyakar da ya ɗebar wa bincikensa kenan. Sai dai ɗalibin da ya karanta wannan kaɗai zai fita da tunanin cewa tarihin siyasa da kafafen labarai a Najeriya labarin jaridun Turanci ne na Legas.

NAMU TARIHIN

Mu a Arewa labarin ya bi wata hanya dabam. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito daga Zariya a hannun Rupert East da Abubakar Imam, ana dab da Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jita-jita ke yawo cewa za a miƙa Najeriya ga Jamus. Jarida ce ta gwamnatin mulkin mallaka, amma wasiƙun masu karatu sun mayar da ita wurin da talaka mai boko ke kai kukansa a kan En'e. A 1943 Imam yana cikin tawagar editocin Afirka ta Yamma da ta je Ingila tare da Azikiwe. Nigerian Citizen ta zo a 1948, New Nigerian ta gaje ta ranar 1 ga Janairu 1966, mako biyu kafin a kashe Sardauna.

Amma masu iya karanta boko ba su da yawa a lokacin, don haka siyasa ta bi ta kunne. Rediyon waya ya iso Kano a 1944. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Kafin su ma akwai waƙa. Da aka kafa NEPU ranar 8 ga Agusta 1950, mawaƙa irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja sun yi wa jam'iyya aikin da jarida ke yi wa NCNC da AG a kudu, NPC ma tana da nata mawaƙan. Waƙa ɗaya za a rera a dandali, yara su ɗauka, ta shiga cikin gidaje har wajen matan da ba a ba ƙuri'a ba a lokacin, domin matan Arewa ba su samu 'yancin zaɓe ba sai a 1976.

Mulkin soja ya ƙara nasa babin. Doka mai lamba 4 ta 1984 ta kai Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian gidan yari. An kashe Dele Giwa da bam a cikin wasiƙa ranar 19 ga Oktoba 1986. A 1992 aka kafa hukumar NBC aka ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, Raypower ta fara a Legas a 1994, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003. Daga nan ne sojojin baka suka samu fili, mutanen da aikinsu shi ne shiga rediyo su kare ubangidansu su yi wa abokin hamayyarsa zambo, a shirye-shirye irin su Kowane Gauta. A 2015 kowa ya ga abin da waƙoƙin Rarara suka yi a kamfen. Yanzu kuma abin ya koma saƙon murya a WhatsApp da gajeren bidiyo a TikTok.

Duk wannan sadarwar siyasa ce cikakkiya. Kuma kusan dukkanta da Hausa ake yin ta, cikin habaici da karin magana da kirari. Mai bincike daga Landan ko ma daga Legas zai iya biyan wani ya fassara masa kalmomin, amma wa zai gaya masa da wa ake yi a habaicin, me ya sa zauren ya fashe da dariya, wace tsohuwar gaba aka tono da kalma ɗaya? Wannan kunnen mu ne muka tashi da shi kyauta.

WAƊANDA SUKA RIGA MU

Kada wani ya ce ba a fara ba. Jami'ar Bayero ta buɗe sashen Mas Kom tun 1978. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya zama farfesa a fannin koyar da kimiyya a 1997, sannan ya ɗauki finafinan Hausa da waƙoƙi da littattafan soyayya da muhimmanci a lokacin da wasu malamai ke ganin shirme ne, har ya sake zama farfesa karo na biyu a fannin kafafen sadarwa da al'adu a 2012, ya kuma shugabanci jami'ar NOUN daga 2016 zuwa 2021. Farfesa Umaru Pate ya yi shekaru yana rubutu a kan kafafen labarai da rikici, daga Maiduguri zuwa Bayero, kafin ya zama shugaban Jami'ar Tarayya ta Kashere. Farooq Kperogi ya gama Bayero, ya yi aikin jarida a Trust, yau farfesa ne a Amurka, kuma littafinsa na 2020 a kan yadda 'yan Najeriya mazauna waje ke amfani da intanet suna taɓa siyasar gida yake. Daga Nijar akwai Farfesa Ousseina Alidou, wadda littafinta na 2005 ya duba yadda mata ke samun murya a rayuwar jama'a, har da ta rediyo.

Baƙi ma sun zo sun yi. Graham Furniss ya fitar da littafi a kan adabin Hausa da al'adun yau da kullum a 1996. Brian Larkin ya zauna a Kano ya rubuta Signal and Noise a 2008, a kan rediyo da silima da kaset ɗin bidiyo. Duk wanda zai yi rubutu a kan tarihin kafafen sadarwa a Kano sai ya ambace shi. Ba abin haushi ba ne, aiki ya yi mai kyau. Darasin shi ne wanda ya zauna ya rubuta, shi ake ambato.

GASKIYAR HANYAR

Yanzu bari mu faɗi ɓangaren da ba daɗi, don kada a ce an yaudari wani. Tsanin aikin jami'a dogo ne. Ana farawa da mataimakin malami mai digiri ɗaya, a yi digiri na biyu, a yi na uku, a hau lakcara mataki na biyu da na ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, sannan farfesa. Kowane mataki da shekarunsa da adadin maƙalun da ake so ka buga a mujallun ilimi. Ba digiri na uku, ba inda za ka je. Albashin kuwa kowa ya ji kukan malamanmu, kuma yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba, a kan idonmu ko na yayyenmu. Abokinka da ya shiga banki ko ya kama kasuwa zai riga ka sayen mota, zai riga ka aure. A gida kuma za a riƙa tambayarka yaushe karatun nan zai ƙare. 'Yan uwa mata nasu matsin ya ninka, don shekarun digiri na biyu da na uku su ne shekarun da ake ta maganar aure da goyo.

Akwai kuma tarko. Saboda matsin buga maƙala, mujallun bogi sun yi yawa, ka biya kuɗi yau a buga maka cikin mako ɗaya ba wanda ya duba. Suna cika takarda amma suna zubar da mutunci, duk jami'ar kirki a waje tana gane su da kallo ɗaya.

Ta ɓangaren kuɗin karatu, TETFund na ɗaukar nauyin digiri na biyu da na uku, amma sai ga wanda ya riga ya zama ma'aikacin makarantar gwamnati. A waje akwai tallafin Commonwealth a Ingila, DAAD a Jamus, Fulbright a Amurka, kuma jami'o'in Amurka da yawa suna biyan ɗalibin digiri na uku yana taimaka musu da koyarwa ko bincike. Dukkansu abu biyu suke dubawa bayan sakamako: tambayar da kake son amsawa, da samfurin rubutunka. Sannan ba jami'a kaɗai ke ɗaukar mai bincike ba. CDD a Abuja, CITAD a Kano da ke bibiyar kalaman ƙiyayya, Dubawa mai tantance labaran ƙarya, duk suna buƙatar mai jin Hausa da ya iya tattara hujja. A 2020 kuma NUC ta raba Mas Kom gida bakwai, kuma kowane sabon sashe sai ya nemi malamai masu digiri na uku.

ABIN DA ZA A IYA FARAWA YAU

Furojet ɗin ajin ƙarshe shi ne matakin farko, shi ya sa sayensa a kafe ko kwafo shi daga intanet asara ce babba. Taken da aka saba, irin su tasirin kafafen sada zumunta a kan karatun ɗalibai, an yi shi har an gaji. Ga waɗanda ke hannunmu ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Ka naɗi shirin siyasa ɗaya na rediyo tsawon wata biyu, ka ƙirga nawa ne maganar ruwa da asibiti da makaranta, nawa ne zambo. Ka ɗauki labari ɗaya, misali rufe Twitter da aka yi daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, ka kwatanta yadda jaridar Legas da Aminiya suka kawo shi. Ka je Sabo a Ibadan, ko Agege da Idi-Araba a Legas, ko Ama Hausa a Owerri, ka tambayi 'yan uwanmu daga ina suke jin labarin siyasa, wa suke yarda da shi, a ina suke yin zaɓe. Wannan na ƙarshen ku da ke kudu kun fi ɗan Bayero da ɗan ABU kusa da shi, kuma kuna da abin da su ba su da shi: kuna jin yadda ake maganar Arewa a nan, kun san yadda ake maganar kudu a gida.

Idan an tafi hutu, Arewa House da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa suna Kaduna, Gidan Mambayya yana Kano. Tsoffin jaridu da takardu suna can, takarda kuma ba ta jira, gara da zafi na cinta. Dattawan da suka ga NEPU da NPC da idonsu saura ƙalilan, na PRP da NPN ma suna ta raguwa. Mai kaka ko kawu da ya yi siyasar wancan zamani, ya kunna rikodar wayarsa ya nemi izini ya zauna da shi awa ɗaya. Wannan hirar wata rana ita ce za ta zama hujjar da ba kowa ke da ita ba.

Idan sufabaiza ya ce bai jin Hausa, ba zai iya duba aikin ba, a rubuta asalin maganar, a sa fassarar Turanci a gefe, a bayyana yadda aka ƙirga. Yawancin malamai sun gaji da karanta take ɗaya shekara da shekaru, sabon abu mai tsari yana faranta musu.

Ba kowa ne zai zama malamin jami'a ba, kuma ba a ce dole ba. Amma a cikin kowane aji akwai mutum ɗaya ko biyu da suka fi jin daɗin tambaya da bin diddigi fiye da tsayawa gaban kyamara. Idan kai ne, ko ke ce, ka je wajen malamin da ka ga yana rubutu da gaske ka ce kana son taya shi tattara bayanai, ko da ba biya. Wanda ya san wani ɗan uwa mai irin wannan hali, ya tura masa rubutun nan. 'Yan ajin ƙarshe kuma ku ajiye takenku a ƙasa mu tattauna, wataƙila wani ya san inda za a samu abin da kuke nema. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya mayar da kowa gida lafiya.